Tsakanin hannun mai jifa da ƙasa

Kafin damina ta sauka, duk lungun da ka bi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, sai ka tarar ana gyaran katanga ko ana yaɓe. Kwanan baya na tsaya bayan fada ina kallon wasu magina biyu. Dattijon yana zaune bisa katanga, ƙafa ɗaya nan ɗaya can kamar mahayin doki, yaronsa kuma yana ƙasa yana ɗaukar tubali yana cilla masa. Tsakanin hannun yaron da na dattijon za a yi mita huɗu. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda dattijon ke karɓa. Ba ya wawura, ba ya ma kallon ƙasa sosai. Hannu kawai yake miƙawa, tubalin ya zo ya zauna a tafinsa sai ka ce ɗora masa aka yi. Na ce, "Sannunku da aiki, Baba. Wai ba ya bugun hannunku?" Ya ce, "In ya buge ni, yaron ne bai iya ba. Jifa mai kyau a gajiye yake isowa."

Na daɗe ina koyar da fizik a lise, amma ban taɓa jin wanda ya taƙaita wannan babi da kyau haka ba. Tubalin yana barin hannun yaron da gudun kusan mita 9 a sakan, wato wajen kilomita 32 a awa, irin gudun kabu-kabu a cikin gari. Daga wannan lokacin babu sauran abin da ke tura shi. Ƙasa ce ke janyo shi, kuma kowane sakan tana zare masa mita 9.8 a sakan daga gudunsa. Kafin sakan guda ya cika, gudun ya ƙare, ya tsaya cak, sannan ya juyo. Gwanintar yaron ita ce ya sa tsayawar nan ta faɗo daidai hannun maigidansa. Kuma tubalin yana daɗewa a can ƙoli fiye da yadda ido ke zato. Rabin duk lokacin da zai yi a iska, a rubu'in sama na tafiyar yake yin sa. Santimita goma na ƙarshe kaɗai, hawa da sauka, suna cin fiye da rubu'in sakan. A cikin wannan ɗan jinkiri dattijon ke miƙa hannu.

Wannan jifan sama ne sak. Abin da ya daɗe yana rikita masana shi ne jifan da ke tafiya gaba yana kuma faɗuwa. Amsar da aka cim ma a ƙarshe ita ce, abin da aka jefa tafiya biyu yake yi a lokaci guda, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Akwai tafiyar gaba, wadda ke riƙe da gudun da hannu ya ba ta. Akwai ta sama da ƙasa, wadda ke hannun jan ƙasa. Dubi indararo ranar da aka tafka ruwa. In soron ya kai mita biyar, duk ɗigon da ya bar bakin indararo sakan ɗaya zai yi kafin ya taɓa ƙasa, ko yayyafi ake ko ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bambancin yana wajen nisa. Lokacin yayyafi ruwan na fitowa da sanyin jiki, sai ya zube kusa da gindin bango. In ruwan ya yi ƙarfi har yana fita da gudun mita uku a sakan, sai ya dira mita uku daga bakin indararon, tsakiyar lungu, kan mai wucewa. Gudun gaba bai ƙara masa ko ƙiftawar ido a sama ba.

Wannan magana mutane ba sa saurin yarda da ita, musamman in aka kawo ta kan bindiga. A ce mutum ya saita bindiga a miƙe, daidai kafaɗarsa, ya harba, a daidai lokacin kuma wani harsashin ya suɓuce daga hannunsa. Kusan tare za su taɓa ƙasa, bayan rabin sakan da ɗoriya, ɗaya a gaban takalminsa, ɗaya can nesa. Shi ya sa ake ɗaga bakin bindiga kaɗan in abin harbin yana da nisa, domin harsashin kalashinkof da zai ci mita 300 yana faɗuwa sama da mita guda a hanya. Maharbi da kwari da baka ya san haka tun fil azal. Ba ya saita kibiya daidai kan barewar da ke nesa, sama da ita kaɗan yake nufa.

Ita kanta faɗuwar tana da tsari mai ban sha'awa. A sakan na farko abu yana faɗuwa mita 4.9. A na biyu ya ƙara ninki uku na wannan, a na uku ninki biyar, a na huɗu ninki bakwai. In ka tara, sakan biyu mita 19.6 ke nan, sakan uku mita 44.1. Da wannan za ka iya auna rijiya ba tare da igiya ba: saki tsakuwa, in ka ji ƙarar ruwa bayan sakan biyu, zurfin ya kusa mita ashirin. Nauyin abin kuma ba ya cikin lissafi. Guduma da ƙusa tare suke sauka. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu, suka dira tare a gaban kyamara. Sau da yawa ina jin ana ce wa wannan ja "maganaɗisun ƙasa". Sunan yana ɓatar da yara, don maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, shi kuwa jan ƙasa bai bar ruwa ba, bai bar auduga ba, bai bar wata ba.

Kafin a kai ga wannan fahimta an sha doguwar muhawara. Aristotal na Girka ya koyar da cewa abu ba ya motsi sai akwai mai tura shi, don haka ya ce iskar da ke kewaye da dutse ce ke ci gaba da ingiza shi bayan ya bar hannu. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, bai gamsu ba. Ya ce mai jifa yana zuba wa dutsen wani karkata a jikinsa, wanda ya kira "mail", kuma da babu abin da ke tare shi daga waje, da wannan karkatar ba za ta ƙare ba. Ya kusa ƙwarai. A Turai masu igwa sun daɗe suna zana tafiyar harsashi kamar layi miƙaƙƙe da ke tafiya har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya rikito. Tartaglia na Italiya ya rubuta a 1537 cewa igwa ta fi cin nisa in aka karkata bakinta digiri 45, sai Galileo ya zo a 1638 ya nuna dalili da lissafi, ta hanyar raba tafiyar gida biyu kamar yadda muka yi da ruwan indararo. Nakan tuna wa ɗalibaina cewa wannan ba matsalar Turawa kaɗai ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Damagaram har zuwa 1884, an ƙera igwa da albarushi a garin nan. Duk wanda ya tsaya bayan igwar nan yana tunanin yadda zai ɗaga bakinta da yawan albarushin da zai ɗura, tambayar Tartaglia ce a gabansa.

Siffar da tafiyar biyu ke zanawa in sun haɗu ita ce parabol. Sunan ba baƙo ba ne a Damagaram, don shi muke kiran farantin talabijin da ke kan rufinmu, kuma ba a banza ba: in ka yanka farantin ta tsakiya, lanƙwasar da za ka gani ita ce ta ruwan buta in an tsiyaya shi gaba. Daga parabol abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, in gudu ya ninka sau biyu, nisa ya ninka sau huɗu. Dutsen da ya tashi da mita 20 a sakan zai iya cin mita 41, amma wanda ya tashi da mita 40 zai ci ninki huɗu na wannan. Shi ya sa majajjawa ta fi hannu nesa ba kusa ba. Igiyarta tana ƙara wa hannu tsawo, dutsen ya samu gudun da kafaɗa kaɗai ba za ta ba shi ba, kuma yaran da ke korar tsuntsaye a gonar gero sun san ɗan ƙarin wulwulawa yana kai dutse ƙarshen gona. Na biyu, kowane nisa ana iya kai masa ta hanya biyu. In gudun ɗaya ne, jifan digiri 30 da na digiri 60 wuri ɗaya suke sauka: da mita 20 a sakan, na farko a sakan biyu, na biyu a sakan uku da rabi. Je ka kalli 'yan wasan petank, masu jifa da ƙwallon ƙarfe da ake kira bul, da la'asar. Wani zai sako bul ɗinsa ƙasa-ƙasa don ya gangara ya ƙarasa. Wani, in ƙasar ta cika tsakuwa ko an tare masa hanya, sai ya lula shi sama ya faɗo kusan a tsaye, ya nutse inda ya sauka. Ƙarfen nan bai kai kilo guda ba, tazarar kuma mita shida zuwa goma ce, saboda haka tafiyarsa parabol ce kusan tsantsa. Babu allon da ya kai wannan fili nuna darasin.

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Isaac Newton, Bature ɗan Ingila da ya fitar da dokokin motsi a 1687, ya gano inda karin maganar ke da ƙofa. Ya ce a ɗauka an kafa igwa kan dutse mai tsawon da ya wuce iska, ana harbi a miƙe, ana ƙara albarushi. Kowane harbi zai fi na baya nisa. To amma duniya dunƙulalliya ce: a duk kilomita takwas da ka ci, doron ƙasa yana lanƙwashewa ƙasa da wajen mita biyar, daidai abin da jifa ke faɗuwa a sakan guda. In harsashi ya kai gudun kilomita takwas a sakan, yana faɗuwa ƙasa tana zame masa, haka har ya zagayo ya dawo inda ya tashi. Tauraron ɗan'adam ke nan. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 a samanmu, tana zaga duniya cikin awa ɗaya da rabi, kuma jan ƙasa a can ya ragu ne da wajen kashi goma sha ɗaya cikin ɗari kacal. Mutanen da muke gani suna lilo a cikinta faɗuwa suke yi, su da ɗakin nasu tare. Shi kuwa tauraron da parabol ɗinmu ke kallo yana kilomita 35,786 a sama, inda zagaye ɗaya ke cin yini da kwana daidai da juyawar duniya, shi ya sa mai gyara ke saita faranti sau ɗaya ya ɗaure.

Duk abin da na faɗa zuwa nan yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kowace tambayar jarrabawa a kan jifa tana farawa da cewa a yi kamar babu iska. Muna koyar da yara haka shekara da shekaru, a garin da iskar hunturu ke tuge rumfa, sannan mu yi mamakin da ya sa suke ganin fizik abin takarda ne. Iska tana da jiki. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu da tsawon mita uku yana ɗauke da iskar da ta haura kilo 50, nauyin buhun shinkafa. Duk abin da zai ratsa ta sai ya ture ta gefe, ita ma ta ture shi. Turjiyarta kuma ta fi gudu saurin ƙaruwa: wanda ya ninka gudunsa sau biyu zai gamu da turjiya ninki huɗu. Mai babur da ya taɓa buɗe wuta a hanyar Mirriya da babbar riga ya ji wannan a ƙirjinsa.

Wanda ya fi kowa amfani da wannan ilimi a ƙasar Hausa ita ce mace mai shiƙa. Tana juya wa iska gefe, ta ɗaga ƙwarya sama da kai, ta riƙa zubowa a hankali. Tsabar gero ta sauka kusan a miƙe cikin masaki, ƙaiƙayi ya bi iska ya tafi. In iskar ta kwanta sai ta dakata, in ta yi yawa ta sassauto da hannu don kada ta kwashe mata hatsi. Jan ƙasa ɗaya ne a kan tsaba da ƙaiƙayi. Abin da ya raba su shi ne yawan nauyin da kowanne ke da shi idan aka gwada da faɗin jikin da yake nuna wa iska. Ƙaramin abu kullum shi ke shan kaye, domin in ka rage girman abu da rabi, faɗinsa ya ragu sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. Bul ɗin petank bai san da iska ba. Balon yara yana jin ta. Ƙurar hunturu kuwa ta zama baiwar iska gaba ɗaya: hazon da ke rufe mana rana yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, wani ma yana ƙetare Tekun Atilantika har dajin Amazon kafin ya sauka. Duk abin da ke faɗuwa cikin iska yana kai wa wani gudu inda turjiya ta yi daidai da nauyinsa, daga nan ba ya ƙarawa. Rahama ce babba. Ɗigon ruwan da ya taso daga girgije mai nisan kilomita biyu, da babu iska, da gudun kusan kilomita 700 a awa zai iso kanmu. Da yake akwai ta, mafi girman ɗigo bai wuce mita 9 a sakan ba.

A wajen harsashi ne gibin da ke tsakanin allo da duniya ya fi fitowa fili. Harsashin kalashinkof yana fita da gudun wajen mita 715 a sakan. Lissafin aji zai ce zai ci kilomita 52. A zahiri da ƙyar yake kai uku. Digiri 45 ɗin ma ba ta tsira ba, don mai sauri a cikin iska ya fi cin nisa in an kwantar da shi ƙasa da haka. Akwai inda abin ya juye: a 1918 Jamusawa sun yi ta harbin birnin Paris daga nisan kilomita 120, kuma sun ɗaga bakin igwar sama da digiri 45 da gangan, don harsashin ya yi saurin haurawa wajen kilomita 40 inda iska ta yi shara-shara. Lissafin tafiyar harsashi cikin iska yana da wahalar da sai an bi shi taki-taki, har ta kai ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, ENIAC, wadda aka bayyana a Amurka a 1946, don wannan aikin aka gina ta.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai rai a ciki. Na taɓa riƙe wani harsashi da aka tsinta a ɗakin wasu 'yan'uwana washegarin wani buki. Ya huda kwanon rufi ya faɗo kusa da tabarmar da yara ke kwana. Wanda ya harba shi yana can wata unguwa, murna yake yi, kuma na tabbata a ransa sama ta haɗiye shi. Wani hafsan sojan Amurka mai suna Julian Hatcher ya yi gwaje-gwaje a kan haka, ya samu cewa harsashin bindigar soja da aka harba sama sak yana dawowa da gudun wajen mita 90 a sakan, fiye da kilomita 300 a awa. Wannan ya isa ya huda fata, kuma ta sama yake zuwa, kan ƙoƙon kai da kafaɗa. Wanda aka harba a karkace ya fi muni, don bai taɓa tsayawa ba balle ya rasa gudunsa duka, kuma da tsininsa yake isowa. Kusan babu mai harbin murna da ke riƙe bindiga a tsaye sak. Bindigar gargajiya da 'yan bindiga ke ɗura wa albarushi zalla a hawan salla daban take, ƙara ce da hayaƙi. Amma duk bindigar da ke da harsashi a ciki, in aka nufa sama da ita a cikin gari, an harbi wani ne da ba a gani ba.

Abin da ya sa harsashi ke tafiya da tsini a gaba shi ne juyi. A cikin bututun bindiga akwai zane murɗaɗɗe da ke sa shi katantanwa, mai juyawa kuma ba ya saurin kifewa. Juyi yana da wani aikin kuma. Balon da aka buga a gefe yana jan iskar da ke manne da shi, ya watsa ta ɓangare guda, ita kuma ta ture shi ɗaya ɓangaren. Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayanin haka a 1852. Masu kallon balo ba za su manta bugun da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a 1997 ba, wanda ya nufi waje kamar ya ɓace sannan ya lanƙwaso ya shiga raga.

Wannan lanƙwasar ita ce ƙofar fahimtar tashi. In abu ya ture iska gefe guda, iska za ta ture shi ɗaya gefen. To a ce gefen da aka tura ta ƙasa ne. Fitar da hannunka ta tagar mota tana gudu, tafin a kwance, sannan ka ɗan ɗaga gaban yatsun. Nan take hannun zai yi sama. Fiffike ke nan. Yana karkatar da iskar da ke bi ta samansa da ta ƙarƙashinsa zuwa ƙasa, matsin iska ya ragu a sama ya ƙaru a ƙasa, bambancin ya ɗaga shi. Haka guguwar farkon damina ke yaye rufin kwano: iskar da ke gudu ta bisa rufin tana rage matsi a can, ta cikin ɗaki ta tunkuɗo shi. Mutane kan yi mamakin yadda iska za ta ɗauki jirgi kamar Airbus A380, wanda ke tashi da nauyin da ya kai tan 575. Amsar tana cikin nauyin iskar kanta. A kan kowace murabba'in mita ta doron ƙasa iska tana danna wajen tan goma. Fukafukan jirgin suna da faɗin murabba'in mita 845, don haka kowace mita kilo 680 kacal za ta ɗauka. Bambancin matsi na kashi bakwai cikin ɗari tsakanin sama da ƙasan fiffike ya wadatar.

Akwai wani bayani da ke yawo a littattafan makaranta, wai saman fiffike ya fi ƙasansa tsawo, don haka dole iskar sama ta yi sauri ta tarar da 'yar'uwarta a baya. Kuskure ne. Babu alkawarin haɗuwa tsakaninsu, ta saman ma riga ta ƙasan isa take yi. Da bayanin gaskiya ne, da jirgin takarda da yara ke naɗewa bai tashi ba, da jiragen wasan sama ba su iya tafiya a kife ba. Abin da matuƙi ke lura da shi shi ne kusurwar da fiffike ke fuskantar iska. Ƙara ta, ɗagawa ta ƙaru, har wajen digiri 15. Wuce nan, sai iskar ta saki bayan fiffiken ta hargitse, ɗagawar ta zube, jirgi ya koma tubali. Haka ta faru ranar 1 ga Yunin 2009 da jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris. Ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudu, aka ci gaba da ɗaga hancin jirgin, ya yi ta faɗuwa injinansa na aiki har ya faɗa teku da mutum 228. Mutuwar inji kuwa, wadda fasinja ya fi tsoro, ba ta kayar da jirgi nan take. A 2001 wani jirgin Air Transat da mansa ya ƙare a tsakiyar Atilantika ya yi ta zamewa a iska wajen kilomita 120 har ya sauka a tsibiran Azores, babu wanda ya mutu.

Zafinmu ma yana da hannu a ciki. Iska mai zafi a sake take. Tsakanin digiri 15 da digiri 45 na zafi tana rasa kusan kashi goma cikin ɗari na kaurinta, Damagaram kuma tana sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, wanda ke ƙara zare wajen kashi biyar. Jirgin da zai tashi daga filinmu da azahar a watan Afrilu yana bukatar ƙarin gudu da ƙarin tsawon hanya, injinsa ma ba ya samun iskar da ya saba shaƙa, wani lokacin sai an rage kaya. A watan Yunin 2017 sai da aka soke tashin jirage da dama a birnin Phoenix na Amurka saboda zafi.

Zafin da ke wahalar da jirgi shi ne abincin angulu. Da sassafe ba ka ganinta a sama. Tana zaune tana jira rana ta gasa duwatsu da fili, iskar da ke kansu ta yi zafi ta fara hawa kamar hayaƙi marar launi. Da hantsi sai ta buɗe fukafukai ta shiga cikin wannan ginshiƙi tana jewa. A cikin iskar kullum sauka take yi a hankali, amma iskar tana hawa fiye da yadda take sauka, sai ta yi ta yin sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. In ta ƙure wannan ginshiƙin ta zame zuwa na gaba. Angulu ba ta jewar banza, ko babu mushe a ƙasa, tsani take hawa. Shirwa haka take yi, haka shamuwa ke cin dubban kilomita daga kudancin Afirka ta iso mana da albishir ɗin damina. Ranar 29 ga Nuwamban 1973 wani jirgi ya yi karo da angulu a sararin Abijan a tsawon mita 11,300, inda kaurin iska bai kai sulusin na ƙasa ba. Irin wannan angulun yana sheƙa a jiharmu, a duwatsun Kutus da ke arewacin Gure, ko da yake guba da masu farautar sassan jikinsa sun rage shi ƙwarai. Lokacin da muke yara, in ka ɗaga kai a kusa da mahauta sai ka ƙirga angulaye har ka gaji. Bana na fita da ɗalibaina da hantsi don in nuna musu jewa, muka daɗe a kan dutse muna duban sama, shirwa biyu muka samu.